Muhawarar Haƙƙin Mata a Ƙasar Hausa: Tarihinta da Yadda Goyon Bayan Jama'a Ya Karkata

Muhawarar haƙƙin mata a ƙasar Hausa ita ce doguwar taƙaddamar da malamai da sarakuna da 'yan siyasa da ƙungiyoyin mata suka daɗe suna yi a kan matsayin mace wajen neman ilimi da aure da gado da shari'a da shugabanci. Masu nazarin wannan tarihi sukan rarrabe ɓangarori uku a cikinta: masu neman gyara ta hanyar kafa hujja da Alƙur'ani da Hadisi da fiƙihun Malikiyya, da masu dogaro da tsarin mulki da yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa, da kuma masu ganin cewa Musulunci ya riga ya ba mace haƙƙinta, saboda haka duk wata sabuwar doka ƙari ne da ba a buƙata. Abin da ya fi fitowa fili shi ne, talakawa sun fi mara wa buƙatun mata baya a duk lokacin da aka gabatar da su da harshen addini ta bakin mutanen da suka sani, sun kuma juya musu baya a duk lokacin da suka ji ƙamshin cewa daga waje aka ɗauko su.

Tushe a zamanin jihadi

Kusan kowane ɓangare yakan koma ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo domin neman madogara, saboda a cikin littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta mayar da wannan ra'ayi aiki ta hanyar kafa tsarin 'Yan Taru, inda ake naɗa wata dattijuwa mai ilimi da ake kira jaji, a ba ta malfa alamar izini, ita kuma ta riƙa kai karatu da waƙoƙin wa'azi ga matan ƙauyuka. Wannan gado ne ya sa har yau da wuya a sami malamin da zai fito fili ya ce ilimin mace haramun ne, ko da yake saɓani ya ci gaba a kan irin ilimin da za a ba ta da shekarun da za ta daina zuwa makaranta.

Gwagwarmayar ƙuri'a

Muhawarar ta shiga fagen siyasa bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Malam Aminu Kano (1920–1983) ya sanya ilimin mata da 'yancinsu na zaɓe cikin manufofin jam'iyyar, yayin da jam'iyyar NPC mai mulkin Jihar Arewa ta tsaya a kan cewa lokacin hakan bai yi ba, kuma al'adar kulle ba za ta bari mata su yi layi tare da maza ba. Hajiya Gambo Sawaba (1933–2001), shugabar reshen mata na NEPU, ta sha ɗauri da duka da kora daga birnin Kano saboda shiga gidaje da take yi tana wayar da kan matan aure. A shekarar 1956 Malam Isa Wali, ɗan gidan malamai a Kano, ya rubuta jerin maƙaloli a jaridar Nigerian Citizen ta Zariya a kan ainihin matsayin mace a Musulunci, inda ya bambance abin da nassi ya ce da abin da al'ada ta ɗora, lamarin da ya jawo masa martani mai zafi daga malamai da masu karatu.

Matan kudancin Najeriya sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, amma matan Arewa ba su samu wannan dama ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 a ƙarƙashin mulkin soja, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. Da zarar ƙuri'ar mata ta zama abin da ake lissafi da shi, sai adawar ta narke, har manyan malamai irin su Sheikh Abubakar Mahmud Gumi suka riƙa kira ga magidanta da su bar matansu su yi rajista. A Kano, gwamnatin Abubakar Rimi ta jam'iyyar PRP ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, wadda azuzuwanta na yaƙi da jahilci suka kai ga dubban matan aure.

Ƙungiyoyi biyu, hanyoyi biyu

Shekarun 1980 sun fitar da hanyoyi biyu a sarari. Ƙungiyar WIN ta samo asali ne daga wani taron ƙara wa juna sani da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1982, tana kallon danniyar mata a matsayin wani reshe na danniyar talakawa, kuma tana karɓar maza cikin mambobinta. A 1985, shekarar da Najeriya ta amince da yarjejeniyar CEDAW, wato yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da nuna wa mata bambanci, aka kafa Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Najeriya, FOMWAN, a Minna, Hajiya A'isha Lemu ta zama amirarta ta farko. FOMWAN ta gina makarantu da asibitoci, ta kuma nemi a kiyaye haƙƙin da shari'a ta ba mace a sadaki da ciyarwa da gado da saki, abin da ya sa ta sami shiga gidajen da WIN ba ta taɓa isa ba. Iyakar da ke tsakanin hanyoyin biyu ba ta kasance katanga ba, domin 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editan jaridar Sunday Triumph a Kano, ta yi aiki da ƙungiyoyin biyu. A daidai wannan zamani marubutan adabin kasuwar Kano, musamman Balaraba Ramat Yakubu, suka kai batun auren dole da sakin wulaƙanci cikin ɗakunan matan aure ta hanyar ƙagaggun labarai.

Shari'o'in Safiya da Amina

Bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara a ƙarshen 1999, wasu jihohin Arewa goma sha ɗaya suka bi sahu, aka fuskanci shari'o'i biyu da suka ja hankalin duniya. An yanke wa Safiya Husaini hukuncin jefewa a Gwadabawa a 2001, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta sallame ta a watan Maris na 2002. A cikin wannan watan ne wata kotu a Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci, kotun Funtuwa ta tabbatar da shi, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta soke shi ranar 25 ga Satumba 2003. Lauyoyin da ƙungiyoyin kare haƙƙin mata na WRAPA da BAOBAB suka ɗaukar wa matan biyu, cikinsu har da Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, sun yi nasara ne da hujjojin fiƙihu: cewa mai iƙirari yana da damar janye iƙirarinsa, cewa ba a bi ƙa'idojin zaman kotu ba, da kuma hukuncin kwantaccen ciki a mazhabar Malikiyya, wanda ya yarda cewa ciki zai iya daɗewa shekaru bayan rabuwar aure, a danganta shi ga tsohon miji. A 2003 ƙungiyar BAOBAB ta fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa tana roƙon masu tattara sa hannu a ƙasashen waje da su dakata, domin takardun nasu suna ɗauke da kurakurai, suna kuma tunzura jama'a su ɗauki lamarin a matsayin yaƙi da Musulunci.

Dokokin da suka faɗi da waɗanda suka wuce

Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a Najeriya sai majalisar tarayya ta amince da ita, kuma a nan ne yawancin yunƙurin ya tsaya. Ƙudurin mayar da CEDAW doka ya faɗi a 2007. Ƙudurin daidaiton jinsi da ba da dama iri ɗaya, wanda Sanata Biodun Olujimi ta Ekiti ta gabatar, ya faɗi a karatu na biyu a watan Maris na 2016, inda sanatoci Musulmi da Kirista suka haɗu wajen sukar sa, daga baya kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya bayyana a Gusau cewa Musulmi ba za su karɓi tanadin raba gado daidai tsakanin namiji da mace ba. Da aka sake kawo ƙudurin a Disambar 2021, sanatocin Arewa irin su Aliyu Magatakarda Wamakko sun ce suna goyon bayan adalci, wato a ba kowa abin da ya cancanta, amma ba su yarda da daidaitawa ba. Ranar 1 ga Maris 2022 majalisar ta yi watsi da ƙudurori biyar na gyaran tsarin mulki da suka shafi mata, har da na ware musu ƙarin kujeru 111, abin da ya sa mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar.

Gyaran cikin gida ma bai tsira daga turjiya ba. A watan Fabrairun 2017, a taron cika shekara hamsin da rasuwar Isa Wali, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya sanar da shirin dokar iyali da za ta hana wanda ba shi da hali ƙara aure, ta kuma hukunta dukan mata da auren dole, amma ba ta zama doka ba har aka sauke shi a Maris na 2020. Abin da ya sami karɓuwa cikin sauƙi shi ne wanda ya zo ta hannun hukumomin addini: Hukumar Hisba da ta hana zanga-zangar zawarawa a Kano a 2009 ita ce ta jagoranci auren zawarawa da gwamnati ta fara ɗaukar nauyinsa a 2012, kuma dokar kare yara ta jihar ba ta sami sa hannu ba sai a 2023, shekara ashirin bayan ta tarayya, bayan an daidaita ta da ra'ayin malamai.

A Jamhuriyar Nijar tafiyar ta yi kama da wannan. Gangamin da mata suka yi a Yamai ranar 13 ga Mayu 1991 domin neman wakilci a shirin babban taron ƙasa ya zama ranar mata ta ƙasa, dokar kason mata a muƙamai ta wuce a 2000, amma ƙungiyoyin addini sun daƙile kundin dokar iyali a 1994, majalisa kuma ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka a 2006.

Yadda lamarin yake a karkara

A garuruwa irin su Jajaye, wadda mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Rogo da ke iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, muhawarar takan iso ne ta rediyo da huɗubar Juma'a da wa'azin da ake turawa ta wayar hannu, kuma ba ta tsayawa a kan kujerun majalisa. Tambayoyin da ake kai wa gaban mai unguwa da dagaci da hakimi, ko gaban alƙali, su ne ko za a fitar wa mace kasonta na gonar gado ko 'yan'uwanta maza za su ci gaba da nomawa, wa zai ciyar da 'ya'ya bayan saki, da kuma ko yarinya za ta gama sakandare kafin a ɗaura mata aure. Tun da dokar 2024 ta mayar da Ƙaraye masarauta mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo, fadar Ƙaraye ce fadar sarki mafi kusa da ake kai irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Makarantun Islamiyya na matan aure, waɗanda suka yaɗu tun daga shekarun 1980, sun yi tasiri a wannan fage fiye da kowace doka, domin macen da ta karanta babin gado da na ciyarwa takan nemi haƙƙinta da hujjar da miji ko ɗan'uwa ba zai iya musantawa a bainar jama'a ba.

Alaƙa da muhawarar ƙasashen Yamma

A Birtaniya da Amurka taƙaddamar ta ɗauki wata fuska tun daga shekarun 2010, inda wasu masu fafutukar haƙƙin mata suka tsaya a kan cewa halittar jiki ce ke tantance mace, don haka gidajen yari da wuraren fakewa da wasannin mata su kasance na waɗanda aka haifa mata, yayin da masu kare waɗanda suka sauya jinsi ke ganin wannan matsayi wariya ce da ke jefa su cikin haɗari. Ɓangaren farko ya dogara ƙwarai da gudummawar kuɗi daga jama'a wajen shigar da ƙara: Maya Forstater ta yi nasara a 2021 da hukuncin cewa doka ta kare wannan ra'ayi, kuma ranar 16 ga Afrilu 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke, a ƙarar ƙungiyar For Women Scotland wadda marubuciya J.K. Rowling ta tallafa wa, cewa mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin mace ta halitta.

A ƙasar Hausa wannan tambaya ba ta raba kan masu fafutuka ba, amma amonta ya ƙara wa jama'a zargin duk wata takarda mai ɗauke da batun jinsi, kamar yadda aka gani a hayaniyar da ta biyo bayan sa hannun Najeriya a yarjejeniyar Samoa a 2024, lokacin da gwamnati ta yi ta musanta cewa akwai tanadin auren jinsi a cikinta, tana nuni da dokar 2014 da ta haramta shi. Sakamakon wannan zargi shi ne ƙudurorin da suka shafi gado da ciyarwa da ilimin 'ya'ya mata sukan sha dukan da ba nasu ba, shi ya sa ƙungiyoyin mata na Arewa suka fi karkata ga tsara buƙatunsu tare da malamai da sarakuna, suna bin majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya maimakon jiran doka guda daga Abuja.