Daga Jingina Zuwa Kasuwar Jari: Tarihin Lamunin Gidaje da Matsayin Jalingo

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin jingina, inda mai gona kan damƙa gonarsa ga mai kuɗi har ranar da zai fanshe ta, kuma kowannensu ya san ɗan'uwansa. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda bashin gida ya rabu da wannan sanayya, ya zama haja a kasuwar jari.

Asalin Tsarin

Ajiyar da jama'a ke yi a banki ta ɗan lokaci ce, alhali bashin gida kan kai shekara 20. Domin warware wannan matsala, Amurka ta kafa hukumar Fannie Mae a 1938 don sayen basussukan gidaje daga bankuna. A 1970 hukumar Ginnie Mae ta tsaya wa takardun farko da aka gina kan tarin irin waɗannan basussuka, wato a haɗa su wuri guda, a sayar wa masu zuba jari, abin da magidanta ke biya wata-wata ya riƙa komawa hannunsu. Sai dai bankin da ya san zai sayar da bashi yakan rage tantance mai karɓa, wanda hakan na cikin musabbabin rikicin kuɗi na 2008.

Nijeriya da Jalingo

A Nijeriya, an kafa Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a 1977, sa'annan dokar soja mai lamba 3 ta 1992 ta wajabta wa ma'aikata zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsu a Asusun Gidaje na Ƙasa. A 2013 aka kafa kamfanin NMRC, wanda ya sayar da takardun lamuni na naira biliyan 8 a 2015.

Jalingo kuwa ta zama babban birnin Jihar Taraba a 1991, ma'aikata suka kwararo daga Yola, muhalli ya yi ƙaranci. Amma Dokar Filaye ta 1978 ta shardanta amincewar gwamna kafin a jinginar da fili a birni, ga shi kuma magidanta da dama ba su riƙe da komai sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa.

Kammalawa

Kasuwar jari ba ta sayen bashin da ba shi da ingantacciyar shaidar mallaka. Muddin samun wannan takarda bai sauƙaƙa ba, ma'aikacin Jalingo zai ci gaba da gina gidansa da adashe, bulo bayan bulo, har ya yi ritaya.