Daga Agana Zuwa Sanƙarau: Darasin Lamba a Ƙasar Gwandu

Dattawan Jega da Aliero da Maiyama da yawa suna ɗauke da tarihi a damtsensu, wato tabon lamba. Tun kafin zuwan likitan Bature, Bahaushe ya lura cewa wanda agana ta bar wa zanzana a fuska ba ta sake kama shi. Daga baya ilimi ya fayyace dalili: kariya biyu Allah ya yi wa jiki. Ta farko da ita ake haihuwar mutum, irin su fata da majina da zazzaɓi da fararen ƙwayoyin jini masu far wa kowane baƙo. Ta biyu koyo take yi. In ta gamu da cuta sau ɗaya sai ta riƙe kamanninta, ta tanadar mata makami. Lamba ta koya wa jiki wannan darasi ba tare da ya sha jinyar ba, kuma da ita aka ga bayan agana a duniya, aka shelanta hakan a 1980.

Sanƙarau kuwa ya nuna iyakar kariyar farko. In hunturu ya kama har zuwa bazara, ƙura da busasshiyar iska kan tsattsage cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta samu hanya zuwa jini, ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa, wuya ya sanƙare. A 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya. A watan Maris na 2025 ya sake auka wa Jega da Aliero da Gwandu, har aka rufe jami'ar Aliero na ɗan lokaci.

Wani zai ce, ai an yi allurar sanƙarau tun 2011, me ya dawo da shi? Allurar wancan lokaci nau'in A na ƙwayar cutar kaɗai ta koya wa jiki, kuma ta karya lagonsa. Nau'in C ne ya ɓulla a jihohin Sakkwato da Kebbi daga 2013. Saboda haka a 2024 Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da sabuwar allura mai tare nau'i biyar. Wani kuma zai tuna gwajin maganin kamfanin Pfizer a Kano a 1996, ya ƙi amincewa da allura. Ƙorafin na da tushe, amma abin da ya wajabta shi ne hukuma ta sa ido ta kuma faɗi gaskiya. Yaron da aka hana allura shi ke biyan bashin da bai ci ba.

Iyaye, malamai da masu unguwanni, a kai yara rigakafi tun kafin ƙura ta tashi.