Wikki (ruwan ɗumi na Yankari)

Wikki maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ce da ke cikin Gandun Dajin Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri, kudu maso gabas da birnin Bauchi. Ita ce mafi girma cikin maɓuɓɓugan ruwan ɗumi huɗu da ke dajin.

Ruwan yana ɓullowa ne daga gindin wani dutse mai tsayi, ya malala ta cikin kwari mai inuwar manyan bishiyoyi, sannan ya zuba a Kogin Gaji. Garau yake, har ana hango farin yashin da ke ƙasansa. Ɗuminsa yana tsayawa wajen digiri 31 a ma'aunin Selshiyos, ko da rani ko da damina. Daga sansanin baƙi na Wikki ake gangarowa a ƙafa ta matakalai zuwa bakin ruwan, inda ake wanka da iyo. Gwaggwon biri da gursunu kan yi yawo a sansanin.

An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga baƙi ranar 1 ga Disamba, 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006.