Yadda ake auna amincin kamfanonin jiragen sama da abin da matafiyi zai duba kafin sayen tikiti

Ɗan kasuwar da zai tafi Dubai ko Guangzhou saro kaya da ma'aikacin da aka tura taro Legas duk tambaya ɗaya suke yi kafin su biya kuɗin tikiti: wane kamfani ne ya fi aminci? Babu wata hukuma guda a duniya da ke jera kamfanonin jiragen sama daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Akwai dai ma'aunai daban-daban, kowanne da abin da yake dubawa da kuma abin da ba ya iya gani. Wanda ya san bambancinsu ba zai ruɗu da taurarin da ake liƙawa a tallace-tallace ba.

Ma'aunin da ke kan ƙasashe

Tushen dokokin sufurin sama shi ne yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Chicago na Amurka a watan Disamban 1944. Ita ce ta haifar da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada, wadda ke da ƙasashe mambobi 193. Tun daga 1999 hukumar take aika masu bincike zuwa ƙasashe domin duba yadda kowace gwamnati ke sa ido a kan harkar jiragenta. Suna duba dokokin ƙasar, da yadda ake ba matuƙa lasisi, da lafiyar jirage, da filayen sauka da tashi, da kula da zirga-zirga a sararin samaniya, da kuma binciken haɗurra. Ana fitar da sakamakon a matsayin kashi cikin ɗari. Wannan maki na hukumar ƙasa ne, ba na wani kamfani ba, amma yana da nauyi, domin kamfani ba ya cika tsayawa kan doka idan mai sa masa ido ya yi rauni.

Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, tana da nata tsarin tun 1992, inda take raba ƙasashe gida biyu. Ƙasar da ke rukuni na ɗaya ta cika sharuɗɗan ICAO, kuma kamfanoninta na iya buɗe sababbin hanyoyi zuwa Amurka. Wadda ke rukuni na biyu ba ta da wannan dama. Najeriya ta shiga rukuni na ɗaya a watan Agustan 2010. A 2022 an cire sunanta daga jerin, kuma Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta bayyana cewa dalilin shi ne an shafe shekara biyu babu wani kamfanin ƙasar da ke zuwa Amurka da jirginsa, ba wai an same ta da gazawa ba.

Tarayyar Turai kuwa ta fara wallafa jerin kamfanonin da ta haramta wa shiga sararin samaniyarta a watan Maris na 2006, kuma tana sabunta shi lokaci-lokaci. Wani sa'in takan hana kamfani guda, wani sa'in kuma dukkan kamfanonin wata ƙasa, kamar yadda ta yi wa Sudan da Libiya da Afganistan, saboda rashin gamsuwa da hukumomin da ke kula da su.

Ma'aunin da ke kan kamfanoni

Binciken da ya fi shiga cikin gidan kamfani shi ne na Ƙungiyar Kamfanonin Jiragen Sama ta Duniya, IATA, wanda ake kira IOSA, da aka fara a 2003. Masu binciken kan duba ɗaruruwan sharuɗɗa da suka shafi shugabancin kamfani, da horar da matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi, da gyare-gyare, da lodin kaya, da tsaro. Rajistar takan ƙare bayan shekara biyu, sai an sabunta. Kowane mamba na IATA wajibi ne ya kasance a cikinta, kuma rahotannin ƙungiyar na shekara-shekara suna nuna cewa kamfanonin da ke cikin rajistar sun fi sauran ƙarancin haɗari. Shi ya sa ministocin Afirka da suka taru a Abuja a 2012 suka sa shiga wannan rajista cikin manufofin da suke so kamfanonin nahiyar su cim ma.

Akwai kuma masu zaman kansu da ke raba taurari. Kamfanin AirlineRatings na Ostireliya yana ba da tauraro ɗaya zuwa bakwai, yana dogara da sakamakon waɗancan bincike da kuma tarihin haɗurran kamfani. Skytrax na Ingila yana ba da har tauraro biyar, sai dai abin da yake aunawa shi ne jin daɗin fasinja: faɗin kujera, da abinci, da tsafta, da fara'ar ma'aikata. A nan mutane da yawa ke yin kuskure, su ɗauki taurarin hidima a matsayin shaidar aminci.

Ko taurarin amincin ma suna da iyaka. Haɗarin jirgi abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, don haka ƙaramin kamfani mai jirage uku zai iya shekara goma babu tabo ba tare da hakan ya nuna ƙwarewa ba. Haka nan ba kowane haɗari ne laifin kamfani ba. Jiragen Boeing 737 MAX biyu da suka faɗi a Indonesiya a watan Oktoban 2018 da Habasha a watan Maris na 2019, inda mutum 346 suka rasu, sababbi ne fil, kuma matsalar ta samo asali ne daga wata na'urar sarrafa jirgin da masana'antar ta saka. Wannan ya nuna cewa tsufan jirgi ko sabuntarsa ba shi ne ma'auni ba. Kula da shi da horon masu tuƙa shi sun fi muhimmanci.

Abin da alƙaluma ke nunawa

Farfesa Arnold Barnett na jami'ar MIT a Amurka ya shafe shekaru yana lissafa wannan haɗari. A binciken da ya wallafa a 2024, ya gano cewa tsakanin 2018 da 2022 an sami mutuwar fasinja ɗaya a cikin kowane hawa jirgi miliyan 13.7 a faɗin duniya. Tsakanin 2008 da 2017 adadin ɗaya ne cikin miliyan 7.9, yayin da tsakanin 1968 da 1977 ya kasance ɗaya cikin 350,000. Wato kusan duk bayan shekara goma haɗarin na raguwa da rabi.

Binciken bai ɓoye bambancin da ke tsakanin yankuna ba. Ya raba duniya gida uku, inda Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai da Chaina da Japan ke sahun farko, akasarin ƙasashen Afirka kuma ke sahu na uku, wanda haɗarinsa ya ninka na farko fiye da sau talatin. Duk da haka, ko a sahu na uku ana samun ci gaba. Idan aka kwatanta da hanyar mota, tazarar tana da faɗi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara.

Dalilin da ya sa tsoron jirgi ya fi na mota

Zuciya ba ta aiki da lissafi. Haɗarin jirgi yakan ɗauke rayuka da yawa lokaci guda, ya mamaye labarai na makonni, ya zauna a ƙwaƙwalwa. Haɗarin mota kuwa yana ɗibar mutane kaɗan-kaɗan kowace rana har an saba da jin labarinsa. Ƙari a kan haka, wanda ke cikin mota yana ganin direba da hanya, yana jin kamar yana da ta cewa, alhali fasinjan jirgi ya miƙa komai ga mutanen da bai gani ba.

Mutanen Arewa suna da dalilin tunawa. A ranar 22 ga Janairun 1973 jirgin alhazai ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. A ranar 11 ga Yulin 1991 wani jirgin alhazai mai zuwa Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashi daga Jidda, ya hallaka dukkan mutum 261 da ke ciki, kuma bincike ya danganta abin ga tayoyin da ba su da isasshiyar iska. A watan Mayun 2002 jirgi ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja ta Kano. A ranar 29 ga Oktoban 2006 Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a haɗarin da ya auku bayan tashi daga Abuja. Haɗurran 2005 da 2006 ne suka zaburar da gyare-gyaren da suka haɗa da dokar sufurin sama ta 2006, wadda ta ƙarfafa ikon NCAA.

Tsoro ma yana da nasa hasarar. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, Amurkawa da yawa sun ƙaurace wa jirgi suka koma mota. Masanin halayyar ɗan'adam na Jamus, Gerd Gigerenzer, ya ƙiyasta cewa hakan ya jawo ƙarin mutuwar kimanin mutum 1,500 a kan hanyoyi cikin shekara guda. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago.

Abin da matafiyi zai iya yi

Na farko, rajistar IOSA da jerin Tarayyar Turai duk a buɗe suke a intanet, kuma duba sunan kamfani ba ya ɗaukar minti biyar. Na biyu, ya kamata a san wanda zai tuƙa jirgin a zahiri, domin sunan da ke kan tikiti ba lallai ne ya zama na mai jirgin ba. Kamfanoni kan yi hayar jirgi tare da matuƙansa, musamman lokacin aikin Hajji, kuma jiragen 1973 da 1991 duk na haya ne daga kamfanonin waje. Na uku, jinkiri saboda hazo ko hadari ba alamar rauni ba ce. Matuƙin da ya ƙi tashi cikin mummunan yanayi yana bin doka ne.

A cikin jirgi kuma, mafi yawan munanan haɗurra suna faruwa ne lokacin tashi da sauka, don haka sauraren bayanin ma'aikata da sanin ƙofar fita mafi kusa suna da amfani. Ɗaure bel ko da fitilar ta mutu yana kare mutum daga girgizar iska ta ba-zata, irin wadda ta auka wa jirgin Singapore Airlines a watan Mayun 2024, inda mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata. Sharaɗin ƙera manyan jirage shi ne a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofin. A watan Janairun 2024, lokacin da jirgin Japan Airlines ya kama da wuta bayan karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo, dukkan mutum 379 da ke cikinsa sun fita da rai. Daga cikin dalilan da masana suka ambata har da cewa fasinjojin sun bi umarni, ba su tsaya ɗaukar jakunkunansu ba.