Asalin Maganar Nan ta Turawa, "Go Haywire"

Idan Ba'amurke ya tsara abu tsaf, sai shirin ya wargaje masa a hannu, ko injinsa ya birkice, za ka ji ya ce abin ya "go haywire". Kalmar "hay" ingirici ke nan, "wire" kuwa waya. To, ina ruwan wayar ingirici da rushewar shiri?

Ga yadda magabatan Amurkawa suka ba da labari. A dazuzzukan arewa maso gabashin Amurka, irin su jihar Maine, a da akwai masu saran katako da kan kwashe watannin sanyi a sansani, nesa da gari. Dawakai ne ke jan gungume a kan ƙanƙara, abincinsu kuwa ingirici ne da ake kawowa dami-dami, kowanne an ɗaure shi tamau da siririyar waya. In an kwance dami, ba a yar da wayar nan. Linzami ya tsinke, a ɗaure da ita. Sarƙa ta ɓalle, a ƙulla da ita. Ƙotar gatari ta tsage, a naɗe da ita. Da abin hannu akan yi maganin tafiya, kuma wannan dabara tasu tana burge ni. Amma sansanin da kayansa duk ɗaure-ɗauren waya ne, sai aka riƙa yi masa ba'a da sunan wayar. Har wani littafin kalmomin aikin daji da gwamnatin Amurka ta buga a 1905 ya kawo wannan laƙabi.

Masanin harshe H. L. Mencken ya ga abin ta wata fuska. A ganinsa, wayar ce in an datse ta take zabura, ta nannaɗe, ta cukuikuye, har ta yagi mai yankan. Ni dai na fi karkata ga cewa a sansanin ne aka haifi kalmar, zaburar wayar kuma ita ta ba ta ma'anar birkicewa.

Yau ana faɗinta ga kwamfuta, da tafiyar da ta lalace, har da mutumin da ya fita hayyacinsa. Abin takaici, masu faɗinta da yawa sun manta da dawakan nan da masu su. Kai mai karatu, in ka ji ta, ka tuna cewa gumin talakawa ne ya haife ta.