Wasan golf a fili mai iska da tuddai

Wasan golf a fili mai iska da tuddai salo ne da ake bi a filayen da ba su da bishiyoyi da yawa, inda iska ke kaɗawa ba abin da ya tare ta, ƙasa kuma tana da hawa da gangara. A irin wannan fili dabara ta fi ƙarfin bugu amfani, domin ƙwallon golf ba ta wuce giram 45.93, iska kuwa tana iya karkatar da ita nesa da inda aka nufa.

Inda ake samun irin waɗannan filaye

Wasan ya samo asali ne a gaɓar tekun Sikotilan, a filaye irin su St Andrews, inda iska ba ta yankewa. A Amurka akwai Prairie Dunes a Jihar Kansas, wanda aka buɗe a 1937, da Sand Hills a Jihar Nebraska, wanda aka buɗe a 1995. Dukansu an shimfiɗa su ne a kan tuddan yashi masu ciyawa.

A Najeriya, misali mafi kusa shi ne filin Rayfield da ke Jos, wanda aka kafa a 1913, zamanin da Turawa ke haƙar kuza. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, inda iska ba ta da kauri, saboda haka ƙwallo tana ɗan yin nisa fiye da yadda za ta yi a Legas. Akwai kuma filayen golf a Kano da Kaduna da Zariya. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas a duk faɗin Arewa, daga kwarin Rima zuwa Filato. Tana busar da ƙasa, ƙwallo ta riƙa gangarawa da nisa bayan ta sauka, hazo kuma yana sa a kasa ƙiyasta nisan rami daidai.

Bugu cikin iska

Idan iska tana fuskantar ɗan wasa, kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara ƙarfi. Bugu mai ƙarfi yana sa ƙwallo ta riƙa juyawa da sauri, ta tashi sama, iska ta tsayar da ita. Ƙwararru sukan ɗauki sandar da ta fi nisa, misali mai lamba 5 a maimakon mai lamba 7, su matsar da ƙwallo kusa da ƙafar baya, su yi bugu a hankali don ta tafi ƙasa-ƙasa.

Idan iska tana bayansa, ƙwallo tana yin nisa amma ba ta tsayawa da wuri, sai ya sauke ta kafin wurin ramin ta ƙarasa da gangarawa. Abin da iskar gaba ke ragewa ya fi abin da iskar baya ke ƙarawa yawa.

Idan iska ta gefe ce, yana iya nufar gefen da take fitowa ya bar ta ta dawo da ƙwallon, ko ya lanƙwasa bugun ya yi gaba da ita. Hanyar farko ta fi sauƙi ga masu koyo.

Bugu a kan tudu

Ga mai bugu da hannun dama, ƙwallon da ta fi ƙafafunsa tudu takan karkata hagu, wadda ke ƙasa da su kuma takan karkata dama. A kan hawa ƙwallo tana tashi sama ta gaza nisa, a kan gangara tana fita ƙasa-ƙasa ta yi gudu. Ana daidaita kafaɗu da kwanciyar ƙasar, a buɗe ƙafafu don samun tsayuwa.

Idan ƙwallo ta faɗa doguwar ciyawa, abin da ya fi shi ne a fitar da ita zuwa fili da gajeriyar sanda, ko da an yi asarar bugu ɗaya. Neman ramin kai tsaye daga nan yakan jawo asarar biyu ko uku.

A da, filaye da dama a Najeriya ba su da lallausar ciyawa a kewayen rami saboda ƙarancin ruwa. Yashi ake gaurayawa da mai, a share shi kafin bugun ƙarshe.

Dokoki

Hukumomin R&A da USGA ne ke tsara dokokin wasan. Ba a yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna fiye da 14 ba, don haka zaɓen sandunan ranar iska yana cikin dabara. Yana iya watsa ciyawa sama don ya ga inda iska ta nufa, amma ba a yarda ya auna ta da na'ura yayin wasa ba. Idan iska ta motsa ƙwallon da ke ajiye, galibi ana buga ta ne daga inda ta tsaya, ba tare da hukunci ba.