Hotunan gobarar daji: Abin da suke nunawa, daga Ostireliya zuwa Keffi

Ɗaukar hoton gobarar daji wani reshe ne na fasahar hoto da ya bunƙasa a shekarun baya-bayan nan. Masu wannan aiki suna bin sawun wuta domin adana irin ɓarnar da ta yi da halin da ta bar jama'a a ciki. Masana sun bayyana cewa ɗumamar duniya tana tsawaita lokacin zafi da bushewa, har ciyawa da itatuwa su zama makamashin da ɗan tartsatsi ya isa ya tayar da shi.

Ɗaya daga cikin hotunan da suka fi shahara a wannan fanni shi ne wanda Matthew Abbott ya ɗauka a ranar 31 ga Disamba, 2019, a yankin Tafkin Conjola da ke Ostireliya, inda aka ga dabbar kangaru tana gudu ta gaban wani gida da ke ci da wuta. Gobarar wancan lokaci ta halaka mutum 33 kai tsaye, ta kuma ƙone gidaje kimanin 3,000.

Shi kuwa Gideon Mendel, ɗan asalin Afirka ta Kudu, yakan isa wuri ne bayan wuta ta mutu. A aikinsa mai suna Burning World, wato duniya mai ƙonewa, wanda ya fara a 2020, yana ɗaukar mutane tsaye a kufan gidajensu, tare da kayayyakin da wuta ta narkar. Kafin nan ya zo jihar Bayelsa a 2012 ya ɗauki waɗanda ambaliya ta shafa.

Najeriya ma tana da nata gwanayen hoton wuta. Akintunde Akinleye ya lashe kyautar World Press Photo a 2007 da hoton fashewar bututun mai a Abule Egba da ke Legas, yayin da George Osodi ya shafe shekaru yana ɗaukar harshen wutar iskar gas a yankin Neja Delta.

Sai dai hotunan tauraron ɗan'adam na hukumar NASA ta Amurka sun nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na filin da ke ƙonewa a duniya kowace shekara yana nahiyar Afirka ne, galibi a dazuzzukan ciyawa. Keffi, da ke jihar Nasarawa, kimanin kilomita 50 daga Abuja, tana cikin irin wannan yanki. Da zarar damina ta ɗauke, hunturu ya kama, akan ga hayaƙi yana tashi a gefen hanyoyi da bayan gari. Mafarauta kan cinna wuta don korar zomo da gafiya, makiyaya don ciyawa ta yi sabon toho, manoma kuma don sharar gona. Idan iska ta kwashe ta, takan cinye amfanin da ba a kai gida ba, ta kashe ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara. Tun 2011 akwai ƙa'idojin tarayya kan ƙona daji, waɗanda hukumar NESREA ke da alhakin aiwatarwa.

Wani aikin na Abbott ya fi kusa da rayuwar wannan yanki. A 2022 ya samu kyautar World Press Photo da jerin hotunan al'ummar Nawarddeken ta arewacin Ostireliya, waɗanda tun kaka da kakanni suke ƙona daji da gangan a farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi. Irin wannan wuta tana tafiya a hankali, ta cinye busasshen ƙasa kawai, ta bar manyan itatuwa. Idan ƙarshen rani ya zo, babbar gobara ba ta samun abin ci sosai, hayaƙin da ke ɗumama duniya ma ya ragu.

Akwai kuma wata alaƙa tsakanin ƙasashen biyu. Gamba, ciyawar da ake saƙa zana da ita a ƙasar Hausa, an kai ta arewacin Ostireliya a shekarun 1930 domin kiwo. A yau ta bazu ta zama annoba, tana haddasa wuta mai tsananin zafi da ke kashe itatuwa, kuma da sunan gamba ake kiranta a can.

Darasin da ke cikin waɗannan hotuna shi ne, lokacin da aka cinna wuta da yadda aka kula da ita su ne ke bambanta wuta mai amfani da mai ɓarna. Hoton fili ɗaya da aka ɗauka a wata ɗaya kowace shekara, ko da wayar hannu ce, zai iya nuna wa masu unguwanni da malaman gona yawan itatuwan da suka rage da waɗanda wuta ta ci.